Tsohon CG daga zaure zuwa hanyar gona: wata biyar, dubu 605

Tun ranar da na fara fita da babur ɗin nan, da wuya in tsaya gidan mai ba a samu wanda ya zagaya shi, ya shafa tankin, ya tambaye ni daga wace ƙasa aka shigo da shi ba. In na ce tsohon Honda CG125 ne da na ɗauko a zauren wani gida a unguwar Kakuri da ke Kaduna, kaji na kwana a ƙarƙashinsa, sai a ɗauka zolaya nake. Wanda ya yarda kuma, tambayarsa ta biyu nawa na kashe, ta uku wa ya yi mini aikin. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar gidan mai, shi ya sa na ɗauko littafin da nake rubuta kashe-kashen aikin na zauna in kawo ta tiryan-tiryan. Ni dai baibai na yi abin, na fara da inda ya kamata in ƙare, kuma ba na so wani ya biyo sawuna.

Ba gayu ne ya fara kai ni ba. Ina da 'yar gona a ƙaramar hukumar Igabi, in ka sauka daga kwalta akwai kusan kilomita 7 na burji, da damina taɓo, da rani rairayi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa gonar da mota ya koma sai da lissafi, da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024 kuwa sai na jingine motar. Sabon Boxer a lokacin ya wuce miliyan, ni kuma abin da na ware dubu 350 ne. Cikin wannan tunanin na riƙa cin karo da hotunan wani salon babur da ake kira sikirambula. Sunan daga Ingila ya fito, daga tseren babura a daji da tuddai da aka fara a Camberley a 1924, kuma a 1962 Ducati da Honda duk sun fitar da nasu na kamfani. In ka cire dogon Turanci, babur ɗin kwalta ne aka gyara don ya iya shiga daji: taya mai gurunzumi, kai mai faɗi, sit shimfiɗaɗɗe, gajeren madigadi, da salansa da aka ɗaga sama don kada dutse ko ruwa su same ta. Na ce ai wannan hanyar gonata aka yi wa. CG kuwa na zaɓe shi ne don Honda ta fitar da shi a 1975 musamman saboda ƙasashe irin namu, inda ake yi wa babur lodin jaki kuma ba a canza baƙin mai a kan kari. Babu taimin-cen a cikinsa, sandunan ƙarfe biyu ne ke tura bawul daga ƙasa. Sannan 'yan Chana sun kwaikwayi injin nan har ba iyaka, don haka kayansa ko a ƙauye ba ka rasa su.

Wani abokin aikina ne ya yi mini hanya a farkon Oktoba. Babur ɗin na wani dattijo ne da ya yi aikin masaƙa, ya rasu shekara huɗu da suka wuce, tun daga nan ba wanda ya sake buga masa kik. Babban ɗansa ya janye buhunan da aka lulluɓe shi da su. Tayoyi sun tsattsage, ɓeraye sun yi gida a soson sit, sifok sun yi jawur da tsatsa, amma firam ɗin a miƙe yake, ba alamar an taɓa buga shi bayan hatsari. Na taka kik ya sauka, ke nan injin bai kama ba, sai dai ya sauka sakwaf ba nauyi. Ya ce dubu 180, na taya 100, aka yi ta albarka har muka daidaita a dubu 130. Ya miƙo mini wata leda mai rasit ɗin asali da ya koɗe, da fatikular da ta mutu tun tuni, duk da sunan marigayin. Ya yago takarda daga littafin makaranta ya rubuta layi uku cewa ya sayar mini, ya sa hannu, na sa. Ba shaida, ba lambar inji, ba lambar shasi. Na ɗora babur a a-kori-kura ina ta murna na yi tsintuwa. Ku riƙe takardar nan a ranku, za mu dawo kanta.

Washegari, tun kafin bakanike ya sa masa ido, na kwance tankin na kai wa wani mai fenti a bakin layinmu, na nuna masa hoto a waya na ce irin wannan koren nake so, mai duhu kamar na motar soja. Dubu 18. Kwana uku tanki ya dawo yana sheƙi, na ajiye shi a falo a kan tebur, har uwargida ta tambaya ko shi ma za a zuba masa abinci ne.

Bakaniken da na kai wa aikin tsohon hannu ne a kan CG, tun zamanin da ake yayinsa. Ya dubi gangar jikin da na turo, ya dubi tankin da na rungumo a cikin tawul, ya ce, “Malam, fenti ka zo hawa ko babur?” Ya sa yaronsa ya zuba rabin kwalbar fetur a tankin, ya girgiza, ya juye a farin kwano. Abin da ya fito kamar ruwan bunu. Kafin mu gama kallon kwanon, fetur ya fara tsattsafowa ta wani ɗan huji a gindin tankin, inda ruwa ya kwanta shekara da shekaru, kuma duk inda ya bi sai fentin ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Ashe fentin gwangwani aka fesa mini, wanda ba ya jure fetur. Na kasa cewa komai. Gyaran tankin kansa bai da wuya: an zuba notuna da kananzir a ciki aka yi ta girgizawa har tsatsar ta saki, aka wanke da ruwan omo sau da yawa, aka bar shi a rana yini biyu, sannan aka like hujin a kan dubu 4. Wanda zai like ya ƙi kusantar da wuta sai da ya sake cika shi da ruwa ya zubar da hannunsa, ya ce tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke hatsari, don hucin fetur ɗin da ya maƙale shi ke tashi da mutum. Wuta ta ƙarasa cinye sauran koren.

Injin ya ci mako uku, ba don aikin ya kai haka ba, sai don Oga na da 'yan haya da ke tsaye a kansa kullum, su kuwa abincin ranarsu ne, nawa na marmari. Na koyi zuwa da sassafe in zauna a benci, don in ba ka nan aikinka ba ya motsi. Da aka buɗe, silindar ta sha, akwai wani kantu a samanta da farce ke kamawa. Oga ya ce sabon ringi kaɗai ba zai yi ba, sai an kai borin. A nan na fahimci wani abu da ke ruɗa mutane: fistan ake fara saya, sannan a kai shi tare da silindar, mai injin ya auna ya ci daidai da shi. Asalin faɗin silindar CG125 milimita 56.5 ne, kuma fistan na ƙari yana zuwa hawa-hawa, 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00. Tawa ta taɓa shan borin ɗin farko, don haka muka hau 0.50. Borin dubu 6, fistan da ringi dubu 22, gaskit dubu 5, wasa bawul da sababbin robobinsu dubu 6, farantan kuloch dubu 9, baƙin mai da fulogi da tarkace dubu 7, kuɗin hannu dubu 20. Abin da ya fi burge ni shi ne da ya buɗe murfin dama ya nuna mini wani ɗan kofi da ke juyawa da injin, wanda ke wurga dattin mai gefe ya riƙe shi. Cike yake dam da baƙin laka mai tauri, sai da sukundireba aka ƙwaƙule. Ya ce yawancin masu CG har su rabu da shi ba su san da wannan kofin ba, iyakacinsu ɗan rariyar da ke ƙasa wajen juye mai, ita ma in sun tuna. Ya saita bawul da injin a sanye, ya ce tazararsu milimita 0.08 ce, na rubuta a littafi.

Sayen kaya kuwa makaranta ce mai zaman kanta. Duk abin da ka tambaya sai a ce maka akwai orijinal, akwai na gwanjo, akwai ɗan Chana, shi ma ɗan Chanan hawa uku ne, kuma kwali ɗaya za ka iya gani a kansu duka. Ka tafi da tsohon abin a hannunka, a ɗora shi a kan sabon ka gani da idonka, domin “na CG ne” ba ya nufin zai shiga naka. A ra'ayina, fistan da boris da birki ba wurin neman araha ba ne. Sigina da madubi da robar hannu, sayi na talaka ka wuce.

Ƙafafun sun fi injin cin kuɗi, abin da ban taɓa kawowa ba. Rim ɗin biyu, masu inci 18, sun tsira bayan an goge su, amma sifok sai da aka sake duka, wani dattijo mai gyaran keke ya ɗaure su ya daidaita a kan dubu 16, yana juya wilin yana kallonsa da ido ɗaya kamar mai duba wata. Boris, takalman birki da kebul-kebul dubu 21. Kan taya na sake yin gaban kaina. Hoton da nake bi tayarsa ƙatuwa ce, sai na sayo mai faɗi, lamba 3.50-18, don baya. Aka ɗaura, ta yi kyau ƙwarai, amma gurunzuminta na gugar murfin cen, kuma tsakaninta da ƙarfen da ke riƙe wilin ko yatsa ba ya shiga. Taɓo ya shiga nan, taya ta tsaya ke nan. Mai shagon ya karɓa ya ba ni 3.00-18, ya zabge dubu 7 tun da an riga an ɗaura ta. Tayoyi biyu da tif suka tsaya dubu 62. Shok na baya na gwanjo na samu, ya fi na asali tsawo kaɗan, dubu 28, ya ɗaga babur ɗin yadda nake so. Sai dai dogon shok yana canza jan cen: in ka ɗaure shi daidai babur na tsaye ba kowa, da ka hau ka faɗa rami sai ya yi tsam kamar tsarkiya. Dole mutum ya zauna a kai sannan a duba sakin. Cen da haƙoransa dubu 19, kuma na rage na gaba daga 15 zuwa 14. Gudu ya ragu, amma a rairayi da hawan gangare yana ja kamar ba shi ba.

Sai Panteka, kasuwar maƙera da masu walda ta Kaduna. Wanda bai taɓa shiga tsohuwar Panteka ba zai yi wuya ya gane abin da nake nufi in na ce duk abin da ka iya zanawa a ƙasa da tsinke akwai mai ƙera maka shi a can. Baban da aka haɗa ni da shi ya karɓi wayata ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, “Wannan ba ya ɗaukar kaya ko?” Na ce ai Baba haka salon yake. Ya ce to. Ya sa aka cire batir da akwatin CDI, mai ba fulogi wuta, kafin ya jona wuta, don walda na ƙona su. Ya auna da alli, ya ce ba zai yanka ko kusa da inda shok ke kamawa ba, bayansa kawai zai rage. Ya lanƙwasa bututu kamar baka, ya zura guntun ƙarfe a cikin kowace mahaɗa kafin ya like, don kada nauyi ya tsaya a kan walda kaɗai. Wannan dubu 15. Kariyar baya da ya kwance, wadda marigayin ke ɗaure kaya a kai, na ce ya jefa cikin tarkacensa. Ya rataye ta a ƙusa bai ce komai ba.

Salansa ce ta ba mu wuya. Tana fitowa ta dama, kik ma a dama yake, ƙafar mutum ma a nan take, kuma kafireta na kusa. Sau uku ana ɗigawa ana ɓallewa kafin aka sami hanyar da kik zai sauka bai doke ta ba. Ranar da muka gwada, ban kai ƙarshen layin ba na ji ƙaurin wando. Aka ƙera mata garkuwa da falle mai huji-huji, aka bar tazarar yatsa tsakaninsu. Na so a bar cikinta fayau don ƙara, Baba ya ce in ina son zaman lafiya da maƙwabta da masallacin unguwa in bari ya sa mata abin rage sauti. Gaskiyarsa. Salansa dubu 30, yanke madigadi da ɗaga na gaba dubu 6. Daga nan mai ɗinkin kujerun mota ya yi sit a kan dubu 17 da ledar ruwan ƙasa, kai mai faɗi dubu 9. Shi ma kan ya zo da tasa rigimar, don kebul ɗin totur da na kuloch sun yi gajarta, in ka karya kwana hagu sai injin ya ɗaga da kansa, sai da aka nemo masu tsawo. Wayarin gaba ɗaya sabo aka ja, da batir da fitila da sigina, dubu 40. Mai fenti na biyu, wanda ke fesa motoci, da na nuna masa koren sai ya girgiza kai, ya ce doka ta hana farar hula sa launin soja a abin hawa, in na ƙi ji zan yi bayani a shingen bincike. Na koma ruwan toka. Ya kankare komai har ƙarfe, ya sa fentin ƙasa, ya sa launi, ya rufe da mai sheƙin nan da ake haɗawa da sinadarin ƙarfafawa, wanda fetur ba ya ci. Firam baƙi. Dubu 45, mako biyu.

Ranar da aka harhaɗa shi, tsakiyar Disamba, na ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Na nufi ofishin lamba da ledata. Tun daga bakin ƙofa masu “kawo a yi maka” suka yanyame ni, na dai daure na shiga ciki da kaina. Bayan awa biyu a benci, jami'in ya buɗe ledar, ya karanta rasit, ya karanta takardar littafin makaranta, ya ce, “Wanda ya sayar maka ba shi ne mai babur ba.” Na ce Yallaɓai ɗansa ne, mai shi ya rasu. Ya ce, “Allah Ya jiƙansa. Shi kaɗai ya haifa?” Nan gabana ya faɗi. Ya lissafa mini abin da zan kawo: takardar ciniki mai lambar inji da ta shasi da shaidu, shaidar cewa magada sun amince, takardar rantsuwa daga kotu, da ta 'yan sanda cewa ba a kai rahoton satar babur ɗin ba. A lokacin na riga na zuba fiye da rabin miliyan a kan abin da, a takarda, ba nawa ba ne.

Na koma Kakuri jiki a sanyaye. Ashe ba a raba gadon ba. Su shida ne, ga mahaifiyarsu da tumuninta, kuma wata ƙanwarsa da ke aure a Zariya ba ta ma ji an sayar ba. Da ta ga hoton yadda babur ɗin ya koma, sai ta ce ai an yi wa yayanta wayo. Ban ga laifinta ba, ita abin da ta gani ke nan. Mako uku ana kai-komo. Abin da ya cece ni hotunan ranar farko ne da ke wayata, da littafin nan na kashe-kashe. Muka zauna a gaban mai unguwa, aka karanta lissafin layi-layi. Tsohuwar, wadda tun farko ba ta ce uffan ba, ta ce daga bayan labule, “Ku bar wa yaron nan abinsa, shekara huɗu yana nan wa ya kula shi?” Na ce na gode Inna. Na ƙara dubu 10 don a wanke zukata, aka rubuta sabuwar takarda, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Rantsuwar kotu yini ɗaya ce in ka je da wuri da hotonka da katin ɗan ƙasa. Ta 'yan sanda ta ɗauki kwana huɗu, kuma sai da na kai babur ɗin suka gani.

A can ne wani abin ya sake ɓullowa. Aka ce in nuna lambar shasi. Na duƙa a wuyan firam inda na san take, sai baƙin fenti sumul. Mai fentin ya yi aikinsa da kyau har ya cike ta. Ka tsaya a gaban ɗan sanda da babur ɗin da lambarsa ta ɓace, ka ji yadda gumi ke keto maka cikin sanyin hunturu. Da reza da samfefa na kankare wurin a gabansu har lambobin suka fito, suka dace da na rasit. Da an liƙa ɗan salatif a kai kafin feshi, da duk wannan bai faru ba. Wajen masu duba lafiyar abin hawa ma an mayar da ni sau ɗaya, kuma da hujjarsu: na cire madubai don hoton da nake bi babu su, lambar baya kuma ba ta da mazauni tun da an yanke inda take. Jami'in ya gwada birki, fitila, sigina da hon, ya dubi salansa ya ce in tayar, ya saurara, ya gyaɗa kai. A raina na yi wa Baban Panteka addu'a. Na tabbatar an rubuta sabon launi a takarda, don tsohuwar ja ta ce. Inshorar wajibi ta babur naira 3,000 ce, amma in ka haɗa rantsuwa, canjin mallaka, sabuwar lamba, lasisi da hotuna, dubu 48 suka tafi. Lambar kanta sai da na yi sawu uku kafin ta fito, wajen ƙarshen Janairu.

Kuskuren ƙarshe shi ma hoto ne ya jawo shi. Na cire akwatin iyakilina na asali, wato mai tace iskar da ke shiga inji, na sa wata 'yar buɗaɗɗiyar matata mai kamar kofi, dubu 5, don ta fi kyau a ido. Babur ya riƙa shiɗewa in na murɗa totur, injin na zafi fiye da kima. Oga ya kwance fulogi, bakinsa fari fat, ya ce iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan. Ya ce za a iya ƙara girman jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a kafireta, a daidaita, amma ya zura yatsa a maƙogwaron kafireta ya nuna mini: jar ƙura, laushi kamar hoda. Mako ɗaya kacal ke nan cikin hunturu. Ya ce, “Malam, waɗanda kake kwaikwaya ba su da Janairun Kaduna. Wannan ƙurar samfefa ce, wata uku ta cinye borin ɗin da ka biya.” Aka mayar da akwatin, da sosonsa da ake wankewa da kananzir a shafa masa ɗan baƙin mai. Tun daga nan shiru. Na yi kilomita 500 na farko a hankali, ban ƙure shi ba, na juye mai, sannan na fara sakar masa.

Jimillar abin da ke littafi dubu 605, ban da kuɗin mota da abincin yaran gareji da ban rubuta ba. Dubu 30 a ciki asara ce zalla: fentin farko, tayar da aka mayar, da matatar kwalliya. Har yanzu bai kai kuɗin sabo ba, amma duk mai cewa da dubu 300 zai tashi irin wannan, bai lissafa ƙafafu da takardu ba. Da zan sake, kafin ko sisi ya fita sai na tambaya babur ɗin na waye a takarda, in na mamaci ne a tara magada da mai unguwa, a rubuta lambobin nan biyu, in ɗauki hotonsu. In gama canjin mallaka yana nan a ruɓensa, lokacin da ba wanda zai yi masa kwaɗayi. Sannan inji, sannan birki da ƙafafu, in hau shi haka da muninsa na mako biyu in ji abin da ke damunsa. Sai walda, a harhaɗa komai a gwada, sit da salansa da wayoyi, domin duk ƙarfen da za a ƙara bayan fenti ƙona fentin zai yi. Fenti shi ne na ƙarshe. Kuma duk abin da ka gani a hoto, ka tambayi kanka a wace ƙasa aka ɗauke shi, da wane irin hanya, kafin ka yanke naka.

A hanyar gona kam ya yi abin da aka yi shi dominsa. Rairayin da ke kayar da masu Boxer yana ratsa shi, kwazazzabon da nake sauka in tura yanzu a zaune nake haye shi. Ana saura kwana kaɗan azumi na je ɗauko ragowar masarar da na bari a rumbun ƙauyen. Yaran suka fito da buhu, suka zagaya babur ɗin sau biyu, babbansu ya ce, “Malam, a ina za a ɗaure?” A kan cinyata na dawo da rabin buhu, ina tafe yana zamewa. Ranar Asabar na koma Panteka. Ban gama sallama ba Baba ya miƙa hannu ya sauko da kariyar daga ƙusar da ya rataye ta, ya ce zai yi mata ƙafafu da noti huɗu, in za ni gona in ɗaura, in za ni gari in kwance. Dubu 8, in dawo Laraba.